Ba Kala Ake Dubawa Ba: Yadda Ake Zaɓar Ruwan Lagireto Ga Tsohuwar Akori-Kura

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya a lokacin kakar tumatir ya san yadda Kwanar Gafan take cika. Kasuwar tana cikin ƙaramar hukumar Garun Malam, kuma a nan manyan motoci ke lodin tumatir zuwa Kudu. Amma kafin kwando ya iso kasuwa, akwai motar da ta shiga har bakin gona ta ɗauko shi: tsohuwar akori-kura, wata Peugeot 504, wata Toyota Hilux da ta girmi direbanta.

Wannan yanki na Garun Malam da Kura da Bunkure yana noman rani ne da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are. Ruwan kanal yana kusa. Shi ya sa idan allurar zafi ta ɗaga, abin da ya fi sauƙi shi ne direba ya tsaya, ya ɗebo ruwan kanal a galan ya ɗura wa lagireto. Motar za ta tashi, amma daga nan lalacewar inji take somawa.

Tumatir kaya ne da ba ya jira. Motar da ta tsaya da rana tsaka a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, tana iya jawo asara biyu: gaskit ɗin kan inji ya ƙone, kayan da ke baya kuma su yi laushi kafin a samo makanike.

Me kulan yake yi wanda ruwa ba ya yi?

Mutane da yawa sun ɗauka kulan na ƙasashen sanyi ne, saboda yana hana ruwa daskarewa. Gaskiya ne yana yin haka, amma ba wannan ne amfaninsa a Kano ba. A nan aiki biyu yake yi.

Na farko, yana jinkirta tafasa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, a Kano ma ƙasa da haka kaɗan saboda tana kan tudu. Idan aka haɗa shi rabi da rabi da sinadarin etilin gilaikol, wanda shi ne jigon yawancin kulan, sai ya kai wajen digiri 107. Idan kuma murfin lagireto yana riƙe iska yadda ya kamata, sai ya haura digiri 120 bai tafasa ba.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, yana ɗauke da magungunan hana tsatsa. Cikin inji ba ƙarfe iri ɗaya ba ne. Injin fetur na 504, wadda kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna, gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuma alminiyam. Tsohon lagireto kuwa jan ƙarfe ne da tagulla, an like su da dalma. Idan ruwa mai zafi yana zagaya ƙarafa daban-daban babu magani a ciki, ɗaya yakan ci ɗaya. Jan ruwan da ake gani mai kama da kunun kanwa idan an buɗe murfi, jikin injin ne yake narkewa a hankali.

Ruwan kanal yana ƙara da laka. Ruwan rijiya da na burtsatse kuma sukan bar farin ɓawo irin wanda ake gani a gindin butar shayi. Wannan ɓawon yana toshe siraran hanyoyin lagireto, ya hana zafi fita.

Kala rini ce kawai

A shagon kayan gyara, tambayar da aka saba yi ita ce: kore ko ja? Amma kulan ba shi da kala tun asali, kamfani ne ke zuba masa rini. Kamfanoni biyu suna iya sayar da kore, abin da ke ciki ya bambanta. Abin dubawa shi ne rubutun da ke jikin jarka.

Akwai wanda ake rubuta wa IAT. Shi ne na gargajiya, yawanci kore. Yana shafe ƙarfe da kariya nan take, kuma ya dace da jan ƙarfe da tagulla da dalma. Rauninsa shi ne maganinsa yana ƙarewa da wuri, sai a canza shi duk shekara 2.

Akwai OAT, wanda ya yaɗu tun tsakiyar shekarun 1990 lokacin da kamfanin General Motors na Amurka ya fito da Dex-Cool mai ruwan lemo. Yana iya kai shekara 5, amma an yi shi ne domin motocin zamani masu lagireton alminiyam da roba. Ba shi ne zaɓin farko ga lagireton da aka like da dalma ba.

Sai HOAT, wanda ya haɗa hanyoyin biyu. Toyota kuma tana da nata guda biyu: ja mai suna Long Life, wanda tsofaffin motocinta suka zo da shi kuma ake sirka shi da ruwa, da ruwan hoda mai suna Super Long Life na sababbin motoci, wanda yake zuwa a sirke.

Saboda haka mai tsohuwar mota ya fara da buɗe bonet. Idan tankin saman lagireto ƙarfe ne mai ɗaukar walda, IAT ya fi dacewa. Idan Hilux ce, jan Toyota ko wanda aka rubuta ya yi daidai da shi. Idan an taɓa sauya inji ko lagireto, a bi abin da ke cikin motar yanzu, ba shekarar da ke takarda ba. Kada kuma a haɗa iri biyu: maganinsu yana raunana, wani lokaci har su yi kauri su toshe hanya.

Yadda ake sirkawa

Jarka iri biyu ce. Wadda aka rubuta wa 50/50 an riga an sirka ta, ba a ƙara mata ruwa. Mai kauri kuwa sai an haɗa: idan mota tana cin lita 8, kulan lita 4, ruwa lita 4. Zuba mai kauri zalla kuskure ne, domin ruwa ya fi gilaikol kwashe zafi. Injin zai ƙara zafi ne maimakon ya huce.

Ruwan da ya dace shi ne tataccen ruwan da masu cajin batir ke sayarwa. Amma a tabbatar ba wanda aka haɗa da asid ba ne.

Kafin a zuba sabo, a wanke tsohon. A bari inji ya huce, a zubar da na ciki, a cika da ruwa mai tsabta, a kunna ya yi zafi, a bari ya huce a sake zubarwa, har sai ruwan ya fito fari. A duba tiyo da fanbel da famfon ruwa. A duba murfi: akwai lamba a kansa, irin 0.9 ko 1.1, kuma idan robarsa ta mutu a sayi mai lamba ɗaya. Idan an cire tamostat, kamar yadda wasu makanikai ke yi da sunan maganin zafi, a mayar da sabo. Cire shi ɓoye ciwo ne, yana kuma ƙara shan mai.

Inda waya take shigowa

Yawancin masu waɗannan motoci dattawa ne, amma wanda ake aika Kofar Ruwa sayen kaya ɗa ne ko ƙane mai waya a hannu. Kafin ya biya kuɗi, ya ɗauki hoton bayan jarka, ya nemi sunan a shafin kamfanin, ya ga ko IAT ne ko OAT. Jarkar da ba ta faɗi abin da ke cikinta ba, ko murfinta ba a like yake ba, a bar ta. Ruwa da rini ba su da wuyar haɗawa. Ya kuma sa ranar canji a kalandar waya.

Ƙaramar na'urar OBD2 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth tana nuna zafin inji, amma sai motar da ke da kwamfuta da soket ɗinta. 504 ba ta da su. Abin da zai yi mata aiki shi ne bindigar auna zafi ta makanikai, ba irin ta goshi da aka sani lokacin korona ba. Idan aka haska ta a jikin lagireto aka samu wani ɓangare da sanyi alhali gefensa da zafi, wurin ya toshe.

Kada a zuba a kanal

Etilin gilaikol guba ne, kuma yana da zaƙi, don haka dabbobi da yara suna iya sha. Yana lalata ƙoda. A yankin da kanal ɗaya ke shayar da gona da shanu, a kuma yi wanki a cikinsa, tsohon kulan ba abin zubarwa a ƙasa ba ne. A tare shi a jarka mai murfi, a rubuta a jiki, kada a sa shi a gorar lemo.

Idan kuma mota ta tafasa a hanya babu kulan kusa, a tsaya, a jira ta huce kafin a taɓa murfi, a zuba ruwa mafi tsabta da aka samu, ko da na leda ne, don a isar da kaya kasuwa. Daga nan a wuce gareji a gano inda ruwan yake zuba. Kuɗin jarka biyu na kulan bai kai na gyaran kan inji ba, balle a haɗa da lodin tumatir da ya kwana a hanya.