Su Wa Ya Kamata a Ɗora a Kwamitin Ƙungiyar Jin Ƙan Dabbobi?

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Matameye ta nufi Ɗan Barto, a lokacin da rake ya nuna a fadamun Korama, ba zai rasa ganin jakuna ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinsu ba, wasu da gyambo a gadon baya inda akumari ya ci, an lafta masa baƙin mai da sunan magani. Saboda haka idan jama'a suka yi azamar kafa ƙungiyar da za ta tsaya wa waɗannan halittu da ba su da bakin kai ƙara, lalle niyyarsu abar yabo ce, musamman da yake malamanmu na Malikiyya sun tabbatar da cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya. Sai dai ƙungiya takan gyaru ko ta ɓaci ne gwargwadon mutanen da aka danƙa wa ragamarta.

Abin da aka saba shi ne a duba mai rawani ko mai hannu da shuni a ba shi kujera don girmamawa. Ba mu ce a raina manya ba, a naɗa su iyayen ƙungiya. Amma kujerar aiki tana da sharuɗɗanta, kuma mafi nauyinsu shi ne kada abincin mutum ya zama yana cikin ɓarnar da aka kafa ƙungiyar don a hana. Jama'a ba su manta da 2016 ba, shekarar da fataken fata suka yi wa jakuna rubdugu domin a kai fatunsu ƙasar Sin a dafa a yi magani, har aka fitar da jakuna kimanin 80,000 daga Nijar, alhali a 2015 wajen 27,000 ne suka fita, farashi ya yi tashin gwauron zabo, hukuma ta hana fitar da su. A Fabrairun 2024 kuma shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da haramta yanka jaki don fatarsa. To, yaya dillalin da yake cin la'ada a wannan ciniki, ko mai baza magungunan dabbobi a rana ranar kasuwa, ba a san asalinsu ko wa'adinsu ba, zai zauna a kwamiti ya yi hukunci a kan aljihunsa? A tambayi kowane ɗan takara sana'arsa a gaban taro, kafin a ɗaga hannu.

Bayan wannan sai sani. Wajibi ne a sami likitan dabbobi ko ma'aikacinsa, tare da makiyayi ko mai amalanke wanda, da ya ga jaki ya sunkuyar da kai yana zubar da majina, zai gane cewa a ware shi daga ƴan uwansa, domin murar da ta halaka jakuna masu yawa a ƙasar nan a 2019 ta hanyar cuɗanya ta yaɗu. Kwamitin da babu mace a cikinsa kuwa ya bar rabin aikinsa a waje, tunda awaki da tumakin da ke turke a cikin gidaje mata ne ke ba su dusa da harawa, su ne kuma ke fara lura idan akuya ta ƙi ci.

Dokar ƙungiyoyi ta 1984 ta shar'anta samun izinin hukuma kafin a fara aiki, don haka ana bukatar magatakarda mai iya rubutun Faransanci da riƙon takardu. Ma'aji kuwa kada ya zama ɗan ɗakin shugaba ko surukinsa, kada kuɗi su fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma a ƙarshen kowace shekara ya tashi a gaban membobi ya karanta jikka nawa ta shigo, nawa aka kashe a allura da maganin tsutsa, nawa ta tafi a man babur da abincin taro.