Tsara Harkar Laburare a Faɗin Jiha: Daga Kaduna zuwa Rusairis

Gabatarwa

Idan aka ce gwamnatin jiha ta yi wa harkar laburare tsari na dogon lokaci, ba ana nufin ta gina katafaren ɗakin karatu a babban birninta ta kira manyan baƙi a yanke ƙyalle ba ne. Abin da ake nufi shi ne ta zauna ta amsa waɗansu tambayoyi a rubuce, amsar da za ta ɗaure ta har shekara goma ko ashirin. Su wane ne masu karatu a jihar, kuma a ina suke zaune? Da wane harshe da wane irin rubutu suke karatu? Wa zai sayi littattafai, wa zai kai su ƙauye, wa zai biya albashin mai kula da su? Wace doka ce za ta sa a ci gaba da yin haka bayan gwamnan da ya sa hannu ya sauka? Gini shi ne mafi sauƙi a cikin waɗannan duka, shi ya sa ake yawan farawa da shi, a kuma tsaya a kansa.

Wannan takarda za ta dubi batun ta fuskar ƙauyukan Hausawa na yankin Rusairis a ƙasar Sudan. Da yake an taɓa yi wa Jihar Arewa ta Nijeriya irin wannan tsari a 1963, za a yi amfani da abin da ya same shi a matsayin ma'auni.

Rusairis da mutanenta

Garin Rusairis yana gabar gabas ta Shuɗin Nilu, wato kogin da Larabawa ke kira Nil al-Azraƙ, wanda ya gangaro daga Habasha. A tsallaken kogin akwai Damazin, hedkwatar yankin. A nan ne aka kammala babbar madatsar ruwa a 1966, aka kuma ƙara mata tsawo da mita 10 a aikin da ya ƙare a 2013.

Hausawa da Fulani sun daɗe a bakin wannan kogi. Wasu kakanninsu mahajjata ne da suka taso a ƙasa suka yada zango, zangon ya zama gida. Wasu kuwa jikokin masu hijira ne da suka baro ƙasar Sakkwato bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da jama'a, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka buɗe gandun auduga na Jazira a 1925, aikin gona ya ƙara janyo mutane daga yamma. Daga Jazira har Rusairis, noma da su da kasuwanci su ne sana'o'in da aka fi sanin Hausawa da su.

Abin da ya shafi mai tsara laburare a nan shi ne harshe. A gida ana Hausa, amma makarantar gwamnati da Larabci take koyarwa, haka ma makarantar allo, wadda mutanen Sudan ke kira halwa, haruffan Larabci take koya wa yaro. Masanin harshe Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Kartum ya wallafa littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci. Ke nan yaron da ya tashi a ƙauyen Rusairis yana jin Hausa sarai, yana karanta Larabci, amma makaranta ba ta koya masa karanta Hausar boko ba. Za a dawo kan wannan.

Tsarin Jihar Arewa

Ɗakunan karatu na farko da hukuma ta buɗe wa jama'a a Arewacin Nijeriya na En'e ne. Sun yawaita a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin Turawa na son a riƙa samun labarin yaƙi daga bakinsu, kuma a nan mutane ke zuwa karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939. A 1952 aka kafa Laburaren Jihar Arewa a Kaduna. Aikinsa ya haɗa da aika akwatunan littattafai zuwa waɗannan ɗakuna da makarantu, da kuma horar da masu kula da su. Shekara guda bayan haka hukumar UNESCO ta kira taro a Ibadan a kan bunƙasa laburaren jama'a a Afirka, inda aka ƙarfafa cewa dole a kafa harkar bisa doka. Jihar Gabas ce ta riga kowa, ta yi dokar hukumar laburare a 1955. Arewa ba ta yi ba, aka bar abin a matsayin wani sashe na ma'aikatar gwamnati.

Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Sardauna ta samu taimakon wani masani mai suna F. A. Sharr, shugaban laburaren jihar Ostiraliya ta Yamma. Ya zagaya ya ga halin da ake ciki, ya rubuta rahoto mai suna The Library Needs of Northern Nigeria, aka buga a Kaduna a 1963.

Yana da kyau a fahimci inda mutumin ya fito, domin daga nan tunaninsa ya samo asali. Ostiraliya ta Yamma ƙasa ce mai faɗin gaske, fiye da murabba'in kilomita miliyan 2, alhali a lokacin mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba. Ƙaramin gari ba zai iya sayen littattafan da za su ishe shi ba, in ma ya saya, masu karatu za su cinye su cikin shekara guda su daina zuwa. Dabarar da aka yi a can ita ce a raba aiki biyu. Hukumar jiha ita ke sayen littattafai, ta yi musu rajista a wuri guda, su zama mallakar jiha duka. Ƙaramar hukuma kuwa ita ke ba da ɗaki da ma'aikaci. Lokaci lokaci sai a kwashe wani kaso na littattafan gari a kai wani gari, a kawo masa sababbi.

Ga misali da lissafi mai sauƙi. A ɗauka akwai ƙauyuka 20, kowanne an ba shi akwati mai littattafai 200 daban da na sauran. Jimla 4,000 ke nan. Idan kowane ƙauye ya riƙe nasa, mai karatu ba zai taɓa ganin fiye da 200 ba. Idan kuwa ana musanya akwatunan duk bayan wata uku, zai ga 800 a shekara, kuma sai bayan shekara biyar akwatinsa na farko zai dawo masa. Kuɗin sayen littattafai bai ƙaru ko kwabo ba. Abin da ya ƙaru shi ne kuɗin mota da mai da direba, da kuma buƙatar rajista mai kyau don kada littafi ya ɓace a hanya. Wannan ne ainihin dalilin da ya sa ake tsara laburare a matakin jiha, maimakon a bar kowane gari ya yi ta kansa.

Shawarar Sharr ta bi wannan sahu, wato haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Kaduna da En'e-En'e. Ya kuma ba da shawarar a buɗe makarantar horar da ma'aikatan laburare a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, domin a lokacin makarantar da ake da ita a ƙasar tana Ibadan, wadda aka buɗe a 1960.

Sai dai akwai wani giɓi da dabarar Ostiraliya ba za ta iya cikewa ba. A can kusan kowa na karanta Turanci, kuma kamfanonin ɗab'i na Ingila da Amurka na fitar da dubban littattafai kowace shekara, aikin hukuma shi ne zaɓe kawai. A Arewa, mai mutane kusan miliyan 30 a ƙidayar 1963, waɗanda suka koyi karatu a ajin Yaƙi da Jahilci Hausa suka iya, ba Turanci ba, kuma hukumar NORLA da ke buga musu littattafai a Zariya ta rufe tun 1959. Mota tana iya kai littafi ƙauye, amma ba ta rubuta shi.

Abin da ya kashe tsarin bai ma jira wannan matsala ta bayyana ba. A watan Janairun 1966 sojoji suka kifar da gwamnati, a watan Mayun 1967 kuma aka raba Jihar Arewa gida shida. Aka kasafta littattafan laburaren Kaduna da ma'aikatansa tsakanin sababbin jihohi, kamar yadda ake rabon gado. Tsarin da ƙarfinsa ya dogara ga tara littattafai a hannu guda sai ya wayi gari ba shi da wannan hannun. Ɗaya ɓangaren yarjejeniyar ma, wato En'e, garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshenta. An ci gaba da rabon jihohi, Katsina a 1987, Jigawa da Kebbi a 1991, Zamfara a 1996, har Arewa ta zama jihohi 19, kowace da nata ƙoƙarin. Faɗuwar darajar naira daga 1986 kuma ta sa littafin waje ya gagari kasafin kuɗin yawancinsu.

Abu ɗaya daga cikin shawarwarin ya tsira: an buɗe sashen koyar da ilimin laburare a Zariya a 1968, kuma ya ci gaba da yaye ɗalibai. Ba mamaki, domin mutumin da aka horar ba ya rabuwa gida shida. Wani abin lura kuma shi ne, lokacin da matasan marubuta suka fara cika kasuwar Kano da littattafan Hausa daga tsakiyar shekarun 1980, masu shagunan hayar littattafai ne suka kai su hannun mata da matasa. Sun yi aikin laburare ba tare da wani rahoto ba, saboda suna da abin da mutane ke son karantawa.

Komawa bakin Shuɗin Nilu

Sudan ma ta ga masu rahoto. UNESCO ta aika P. H. Sewell a 1960, ta kuma aika J. S. Parker a farkon shekarun 1970, dukansu domin ba da shawara a kan bunƙasa laburare a ƙasar. Amma sai a 1999 aka kafa Laburaren Ƙasa. Rabon iyaka kuwa ya bi irin hanyar da ta Nijeriya ta bi. A zamanin Turawa, Lardin Shuɗin Nilu babba ne, hedkwatarsa Wad Madani. Bayan sauye-sauye iri iri, a 1994 aka mai da ƙasar jihohi 26. Ƙauyukan Hausawa da ke jere a bakin kogi guda suka faɗa jihohi uku: Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu. Duk akwatin littattafan Hausa da zai yi zagaye mai ma'ana a tsakaninsu sai ya tsallake iyakar jiha, kuma babu gwamnan da ke son biyan kuɗin mai domin maƙwabcinsa. Saboda haka yarjejeniya tsakanin jihohin uku tana cikin abubuwan farko da tsari zai tanada.

Sai batun rubutu, wanda ya fi kowane nauyi. Da a ce wani mai kirki zai loda mota da littattafan Kano ya sauke a Rusairis, yawancin waɗanda aka yi domin su ba za su iya karantawa ba sai an koya musu boko. Littattafan Larabci kuwa suna samuwa daga Kartum da Alƙahira, kuma su ne ɗalibi ke buƙata domin jarrabawa, don haka su za su cika mafi yawan kanta. Hausar da za ta fi saurin shiga ita ce ta ajami, tun da haruffan a hannu suke. Amma littattafan ajami da ake bugawa kaɗan ne, yawancinsu na addini, kuma babu ƙa'idar rubutu guda da kowa ke bi. A nan matsalar NORLA ta sake dawowa: wanda ke son laburaren Hausa a wannan yanki dole ya zama mai buga littafi shi ma, ya sa kuɗin ɗab'i a cikin kasafinsa tun farko. Kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya na 2005 ya amince cewa harsunan 'yan ƙasa duk harsunan ƙasa ne da ya kamata a bunƙasa, amma aya a kundi ba ta sayen takarda da tawada.

Kada kuma a ɗauka ƙauyen da ba shi da laburaren gwamnati ba shi da littafi. Akwai na masallaci da na zauren malam, irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, kuma gidajen malamai na Mai Wurno an san su da ajiye rubuce-rubucen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa. Abin da En'e ta kasance a tsarin Sharr, wato mai ba da ɗaki da mai tsaro, a nan halwa da makarantar firamare ne suka fi dacewa da shi. Sai dai zauren malam ba wurin da matan aure ke shiga kai tsaye ba ne, don haka sai an yi musu tanadi dabam.

Ƙasar yankin baƙar laka ce. Daga watan Yuni zuwa Oktoba, hanyoyin da ba su da kwalta kan gagari mota. Lissafin musanya sau huɗu a shekara ba zai yiwu ba ke nan, sai dai sau biyu, ɗaya kafin ruwa ya sauka, ɗaya bayan kaka. Kowane akwati zai daɗe a wuri guda, saboda haka dole ya fi girma, ya kuma zama na ƙarfe saboda gara da laima.

Mutanen su kansu ba a wuri guda suke zaune ba. Ƙarin tsawon madatsar ya sa an tashi ƙauyuka da dama aka mai da su sababbin matsugunai. Yaƙi ya ɓarke a jihar a watan Satumban 2011. A watan Yulin 2022 rikici tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin ya ci rayuka masu yawa, ya kori dubban mutane daga gidajensu, har da na Rusairis. Babban yaƙin da ya fara a watan Afrilun 2023 ya kai Wad Madani a watan Disamban shekarar, kuma tun a watanninsa na farko gobara ta cinye laburaren Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Omdurman. Tsarin shekara ashirin da aka rubuta a 2005 da ya ci karo da waɗannan duka. Wannan ya sa ɗaukar hoton rubuce-rubucen hannu da ajiye kwafinsu a wurare fiye da ɗaya, har da katin waya, ya kamata ya zo a shekarar farko ta tsarin, kafin a sayi bulo ko guda.