Daga Lanƙwasa Zuwa Raga: Yadda Ake Gina Siffa a Cikin Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ƙura wa jikin mota ko na jirgin ruwa ido zai lura cewa da wuya ya sami miƙaƙƙen layi. Kusan kome a lanƙwashe yake. Hannun mai zane ba ya shan wahala wajen fitar da irin wannan lanƙwasa, amma ita kwamfuta ba ta san kome ba sai lambobi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake mayar da lanƙwasa ta zama lissafi, sa'an nan a saƙa raga a kanta, watau tarin ƙananan fuskoki da ke haɗuwa su ba da siffar abu a cikin manhajar zanen injiniyoyi.

2.0 Asalin Al'amarin

Kafin zuwan kwamfuta, masu ƙera jiragen ruwa a Turai sukan shimfiɗa siririn katako mai tanƙwaruwa a kan daɓe, su danne shi da guntayen dalma a wasu zaɓaɓɓun wurare. Katakon kan lanƙwashe da kansa tsakanin dalma da dalma, sai a bi gefensa da fensir. Su kuwa masu ƙera motoci, da yumɓu suke gina samfuri, a auna shi, a kwafa a takarda, a sake kwafa a ƙarfe. Illar wannan hanya ita ce, duk kwafin da aka yi sai ɗan kuskure ya shiga.

A 1959 Paul de Casteljau, masanin lissafi a kamfanin Citroën na Faransa, ya gano hanyar bayyana lanƙwasa da ɗigogi kaɗan, amma kamfanin ya ɓoye aikin. Pierre Bézier, injiniya a Renault, ya kai ga irin wannan sakamako ta tasa hanyar, ya kuma wallafa shi a shekarun 1960. Dalili ke nan da ya sa sunansa ne ya bi lanƙwasar. A Amurka kuwa, a 1963, Ivan Sutherland ya fito da Sketchpad a jami'ar MIT, inda mutum ke zane a fuskar kwamfuta da alƙalami mai gane haske.

3.0 Yadda Lanƙwasa Take Samuwa

Lanƙwasar Bézier da aka fi amfani da ita ɗigo huɗu gare ta. Na farko da na ƙarshe su ne mafari da matuƙa. Biyun tsakiya galibi ba sa kan layin. Aikinsu shi ne su ja shi zuwa gare su. In aka gusar da ɗaya, sai lanƙwasar ta bi shi.

Ga yadda de Casteljau ya nuna a bi. A haɗa ɗigogin huɗu da miƙaƙƙun layuka uku, a sa alama a tsakiyar kowane. A haɗa alamomin nan uku da layuka biyu, a sake neman tsakiya. A haɗa biyun da suka fito da layi guda. To, tsakiyarsa tana kan lanƙwasar daidai. Da maimaita wannan rabo ake samun sauran ɗigogi gwargwadon bukata. Da irin waɗannan lanƙwasoshi ne ake zana haruffan kwamfuta, har da lanƙwasar da ta bambanta ɓ da ɗ da ƙ daga b da d da k.

4.0 Saƙar Raga

Lanƙwasa guda ba ta yin jiki, kamar yadda zare guda ba ya yin zane. Hanyoyi uku ne suka fi shahara wajen fitar da fuska daga layi. Ta farko, a juya lanƙwasa a kewaye da ginshiƙi, kamar yadda gefen tulu guda ya isa ya ba da tulun duka. Ta biyu, a jera lanƙwasoshi kamar haƙarƙarin jirgi, manhaja ta shimfiɗa fata a kansu. Ta uku ita ce wadda Steven Coons ya bayyana a 1967: a zana iyakoki huɗu da suka haɗu baki da baki, lissafi ya cike tsakiya.

Daga nan sai rabo. Alal misali, in aka raba tsawon fuskar gida 10, faɗinta ma gida 10, za a sami gidaje 100 masu kusurwa huɗu da mahaɗai 121. In aka tsaga kowane gida biyu, sun zama alwatika 200. In kuwa aka ninka rabon zuwa 20 ta kowace fuska, gidajen 400 za su zama. A nan ne hukuncin mai zane yake shigowa: ragar da gidajenta suka yi kaɗan takan fito da kusurwoyi inda ake son santsi, wadda suka yi wa yawa kuma takan nauyaya wa na'ura. Saboda haka akan cusa gidaje inda lanƙwasa ta yi tsanani, a sassauta inda fili ya miƙe. A 1978 Edwin Catmull da Jim Clark suka kawo dabarar raba kowane gida mai kusurwa huɗu zuwa huɗu, ana yi ana gusar da mahaɗai, har gwargwajen raga ta koma sumul.

5.0 Kammalawa

Raga ba ta gyara kuskuren layin da aka saƙa ta a kansa. In bakin lanƙwasa biyu bai haɗu ba, kafa za ta bayyana, na'urar da za ta sassaƙa ko ta ɗab'a abin kuwa ba za ta bambance ciki da waje ba. In sun haɗu amma kowace ta fuskanci nata wajen, sai gaɓa ta fito, hasken da ke sauka a jikin mota ya tona ta. Don haka ne ƙwararru suke ƙoƙarin zana layi da ɗigogi mafi ƙaranci, su kuma tabbatar da kowace mahaɗa kafin su fara saƙa.