Idan Al'ada Ta Fara Ban Kwana

Mace ta haura shekara 45, al'adarta ta rikice: wannan wata ta zo, wata biyu shiru, sannan ta dawo da ƙarfi. Cikin dare zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa zani ko da hunturu ake. Barci ya ƙaurace, abu kaɗan ta hasala. Sai a aika yaro kemis ya sayo maganin maleriya, a ƙara da na taifod. In ba a ga sauƙi ba, a koma zargin kishiya ko iska.

Sau da yawa ba ko ɗaya. Ma'ajiyar ƙwai ce ta fara rage sinadarin estrojin, kuma yawancin mata al'adarsu na ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55. Likitoci ba sa cewa ta tafi sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Kafin nan ciki na iya shiga, don haka mai tazarar haihuwa kada ta yi saurin ajiyewa.

Abin da aka fi rufawa shi ne bushewar gaba, har kwanciyar aure ta zama azaba. Kunya kan tura mace wajen mai kayan mata, a ba ta matsi, ta cusa a fatar da ta riga ta yi siriri, ta ƙare da rauni. Alhali akwai man shafawa mai estrojin da likita ke rubutawa. Zafin jiki da gumin dare ma suna da maganin maye gurbin sinadarin, sai dai ba na kowa ba ne. Wadda ta taɓa yin kansar nono ko daskarewar jini a jijiya dole ta faɗa wa likita tukuna. Ƙashi kuma yana rage ƙwari a wannan lokaci, saboda haka a dage da nono, zogale, ƙananan kifi da tafiyar ƙafa.

Sai babban gargaɗi. Hajiya, idan jini ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa, ko ɗigo ne, ba al'ada ba ce ta waiwayo. Mata da yawa malam kaɗai suke tambaya hukuncin sallarsu. A tambaye shi, amma a je wurin likitan mata a makon nan, domin wani lokaci alamar farko ce ta kansar mahaifa, wadda ake iya warkewa idan an gano ta da wuri. Haka ma wadda al'adarta ta tsaya ba ta kai 40 ba, ta je a duba ta.