Da Rarrafe Yaro Kan Tashi

Makonnin baya wani ɗalibinmu a nan Tafoki ya tambaye mu, wane littafi zai karanta da hutu. Muka lissafa masa uku. Ya ce, "Malam, me zai hana ku riƙa rubuta mana irin wannan kowane mako?" Muka yi dariya, amma da dare ya yi muka ɗauki alƙalami, sai hannu ya yi nauyi. Zuciya ta ce, su wane ne mu? Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wataƙila kai ma, mai karatu, ka san wannan murya. To, ba yau ta fara ba. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasar rubuta labari da Hausa. Dokta Rupert East ya bi garuruwa yana roƙon malamai su shiga, gama a lokacin ana ganin ƙaga labari aikin mata da yara ne. Waɗanda suka daure fa? Abubakar Imam, malami a Midil ta Katsina, yana da shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Wansa Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, malami a Bauchi, ya rubuta Shaihu Umar. John Tafida na Wusasa ya haɗa hannu da East suka yi Jiki Magayi. Ba wanda ya taɓa buga littafin labari a cikinsu. Imam ne ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Mata ma haka. An cire Balaraba Ramat Yakubu daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, duk da haka ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. Sa'ad da Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata a 2016, 'yar Jihar Katsina ce ta zo ta ɗaya, watau Aisha Muhammad Sabitu, da labarinta Sansani.

Akwai dalilin da ya sa ba mu da damar jira. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, har da kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020. Gidaje da yawa sun watse. Tsohuwar da takan yi tatsuniya tana wani gari, jikokinta suna wani. Abin da ba a rubuta ba, in mai shi ya tafi, ya tafi ke nan.

Saboda haka muka koma ga alƙalamin. Ga abin da muka rubuta wa yaron, muna kuma miƙa wa kowane gida. Makon fari, a karanta babi ɗaya na Ruwan Bagaja da ƙarfi bayan tuwon dare. Mako na biyu, a saurari waƙa ɗaya ta Mamman Shata, wanda ya zauna a Funtuwa kusa da mu ya rasu a 1999, iyaye su fara ji su zaɓa. Na uku, a ji kuntigin Ɗan Maraya Jos, a tambayi yara wane gargaɗi ya yi. Na huɗu, a je wurin kaka da littafin rubutu, a ɗauko tatsuniya ɗaya da karin magana biyar.

Bayan kowane ɗaya, wani a gidan ya rubuta layi biyar: me muka ji, me ya yi daɗi, wa ya kamata ya ji shi. A aika wa ɗan'uwa na nesa, ko a takarda ko ta waya. Kuskure zai shiga, lalle. Namu na fari ma sai da yaron ya gyara mana kalma biyu, muka gode masa. Ran Asabar mai zuwa yana jiran na biyu.