ƊAN JAN TSINKEN KWAMFUTA: ME YA SA KIBIYA KE ƘIN TSAYAWA INDA AKE SO?

Ran 12 ga watan Disamba, 1991 ne gwamnatin tarayya ta tare a Abuja daga Legas. Ba a cika shekara guda da yin haka ba, a cikin watan Oktoba na 1992, sai kamfanin IBM na Amurka ya fito da wata baƙar kwamfuta ta tafi-da-gidanka mai suna ThinkPad, wadda ke da wani ɗan jan abu kamar ƙwayar wake a tsakiyar madannanta. Yau fiye da shekara 30 ke nan, amma duk wanda ya zaga shagunan Banex Plaza a Wuse II zai ga jikokin wannan kwamfuta jere a kan kanta, galibinsu 'yan tokumbo ne waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama aiki da su.

Ɗalibai da ma'aikata da masu zanen gine-gine suna son su saboda ƙarko da sauƙin kuɗi. To, amma akwai wani kuka da masu aiki da wannan ɗan tsinke suka daɗe suna yi a ko'ina cikin duniya. Mutum zai so ya gusar da kibiyar da ke fuskar kwamfuta kaɗan, ta ƙi motsi sam. Ya ƙara ƙarfi, sai ta yi tsalle ta wuce wurin da yake nufi. Wanda bai san dalili ba yakan ɗauka injin ya lalace, ya kashe kuɗi wajen sauya madannai baki ɗaya, alhali kuwa sau da yawa cutar tana cikin lissafi ne.

ASALIN TSINKEN

Wani masani Ba'amurke, Ted Selker, shi ya fara tunanin wannan abu a 1984. Ya ci karo da wani bincike da ya nuna cewa mai buga rubutu yakan ɓatar da kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa duk lokacin da ya ɗauke hannu daga madannai zuwa linzamin kwamfuta, ya kuma ɓatar da kusan haka wajen komowa. Sai ya ga ya kamata a dasa abin nuni a tsakiyar haruffa, yadda yatsa ba zai bar wurin aikinsa ba. Bayan ya koma IBM, shi da wani masanin lissafi, Joseph Rutledge, suka yi shekaru suna gyara shi, har aka kafa shi tsakanin haruffan G da H da B, aka raɗa masa suna TrackPoint. Wasu kamfanoni ma suka yi nasu: Toshiba ya kira nasa AccuPoint, HP kuma PointStick. A 2005 kamfanin Lenovo na ƙasar Sin ya kammala sayen sashen kwamfutocin IBM, ya gaji ThinkPad da tsinkenta.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, wannan tsinke ba ya tafiya. Linzami na tebur tafiya yake yi, na'urar ta auna nisan da ya ci, kibiya ta bi sawu. Shi kuwa tsinke a kafe yake. A gindinsa akwai waɗansu 'yan ma'aunai masu jin matsi, waɗanda ke gane ƙarfin da yatsa ya sa da kuma nahiyar da ya tura. Ƙarfin nan ne ake juyawa ya zama gudu: a tura a hankali, kibiya ta yi rarrafe, a tura da ƙarfi, ta sheƙa.

INDA AWO KE ZUBEWA

Tsakanin yatsa da kibiya akwai masu isar da saƙo har uku. Na farko wani ɗan guntun inji ne da ke ƙarƙashin madannai, mai mayar da matsi ya zama lambobi. Na biyu shi ne manhajar da masu gyara ke kira direba, watau tafintan da ke tsakanin na'ura da uwar manhajar kwamfuta, ko Windows ce ko Linux. Na uku kuwa shi ne sashen da ke yanke hukuncin yawan ɗigon da kibiya za ta ci a kan fuska.

Yawancin tsinkayen nan suna magana ne da wani tsohon harshe mai suna PS/2, wanda IBM ya fito da shi tun 1987. A wannan harshe na'ura takan aika rahoto wajen sau 100 a daƙiƙa ɗaya, kuma kowane rahoto cikakkiyar lamba ce: sifiri, ko 1, ko 2, ko 3. Babu rabi, babu kwata. Ke nan mafi ƙanƙantar motsin da tsinke zai iya faɗa shi ne 1, in kuwa matsi bai kai haka ba, sai ya yi shiru.

Misali, a ce mai kwamfuta ya ga kibiya ta cika gudu, ya rage ta, har direba ya zama yana ninka kowane rahoto da 0.6. Rahoto ya zo da 1, lissafi ya ba da 0.6. Da yake fuska ba ta da rabin ɗigo, dole a yi wani abu da wannan guntu. Direba mai kula zai ajiye shi, ya haɗa da na gaba, su zama 1.2, ya gusar da kibiya ɗigo ɗaya, ya sake ajiye ragowar 0.2. Ta haka a cikin daƙiƙa guda rahoto 100 za su ba da ɗigo 60. Amma direban da ke zubar da guntu zai mai da 0.6 sifiri har sau 100, kibiya ba ta ko motsa ba. Mai ita ya ƙara ƙarfi, rahoto ya koma 2, lissafi ya ba da 1.2, nan take ta tashi daga tsayuwa cik zuwa ɗigo 100 a daƙiƙa. Kamar mai awon hatsi ne da ya rantse ba zai lissafa rabin mudu ba: wanda ya kawo masa rabi sau ɗari zai tashi hannu rabbana, ga shi kuwa mudu 50 ya kawo.

Akwai kuma kishiyar wannan. In aka rage jin tsinken a can cikin injinsa, sa'an nan aka ce direba ya ninka abin da ya samu sau huɗu don a cike giɓin, to mafi ƙarancin takun kibiya ya zama ɗigo 4. Duk abin da ke tsakani ba za ta taɓa sauka a kansa ba.

Girman fuska ya ƙara tsananta al'amarin. ThinkPad 700C ta 1992 ɗigo 640 gare ta a kwance, 480 a tsaye. Na yanzu da yawa suna da 1920 da 1080, waɗansu ma 3840 da 2160. Tilas kibiya ta ƙara gudu kafin ta ƙetare wannan fili, amma duk da haka ana bukatar ta iya tsayawa a kan ɗigo guda. Ga mai duba wasiƙa abin ba wani abu ba ne. Amma ga mai zanen taswirar fuloti, ko ɗalibin injiniya a Jami'ar Abuja mai haɗa layi da layi, ko akawun da ke zaɓen gida ɗaya cikin dubban gidajen lissafi, kuskuren ɗigo kaɗan yana iya zama layin da bai haɗu ba ko adadin da ya faɗa gidan da ba nasa ba. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

ƘOƘARIN MASANA

Tun da wuri mutanen IBM suka lura kibiya tana da nauyin tashi da nauyin tsayawa. A 1995 Selker da abokan aikinsa suka bayyana wata dabara da aka sa cikin TrackPoint III, wadda ke ƙara wa kibiya ɗan ƙaimi lokacin tashi, ta kuma ja mata birki da sauri in an sassauta yatsa.

A ɓangaren Linux, inda kowa ke iya karanta yadda aka rubuta manhaja, an fi ganin yadda kokawar ta kasance. Wata manhaja mai suna libinput, wadda Peter Hutterer na kamfanin Red Hat ke jagoranta, ta kai fitowarta ta 1.0 a 2015, sannu a hankali ta karɓi aikin kula da linzami da tsinke. Da linzami aikin da sauƙi, domin an san yawan rahoton da yake bayarwa a kowane inci, ana iya daidaita kowane iri da ɗan'uwansa. Tsinke kuwa ba ya cin ko inci ɗaya, saboda haka babu ma'aunin da ya haɗa su. Bugu da ƙari, injin cikinsa ya riga ya yi nasa ƙarin gudun kafin direba ya ɗora nasa a kai.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne, ba kamfani ɗaya ke ƙera injin tsinken ba. ALPS da Elan da NXP duk sun shiga sana'ar, kuma nasu ba ya karɓar dukan umurnin da na IBM ke karɓa, har sai da aka gyara uwar manhajar Linux a 2018 don ta riƙa bambanta su. A wannan shekara ce kuma libinput 1.12 ta sake tsarin gudun tsinke, aka tanadi jerin samfurori, kowane da lambar da za a ninka rahotonsa da ita. A 2023 fitowa ta 1.23 ta ba mai kwamfuta damar tsara wa kansa yadda gudun zai riƙa hawa.

KAFIN A JE WURIN MAI GYARA

Wannan magana ta shafi masu sayen tokumbo ƙwarai, domin ran 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Duk wanda aka sake wa manhaja, ko zuwa Linux ko zuwa wata Windows, an sauya masa tafinta ke nan, kuma tsinken da jiya yake bin umurni yana iya wayar gari da gardama.

Abu na farko da za a duba shi ne hular robar da ke kan tsinken. Takan cinye ta yi santsi, ƙurar hunturu kuma takan taru a gindinta. Cire ta ake yi da yatsa, sabuwa ba ta da tsada, sai dai a kula, domin siraran kwamfutoci gajeriyar hula suke ɗauka. Na biyu, in kibiya ta kama tafiya ita kaɗai, kada a yi kokawa da ita. Injin yakan sake neman sifirinsa lokaci lokaci saboda canjin zafi, in kuwa aka daɗe ana danne da shi da ƙarfi iri ɗaya sai ya ɗauka nan ne sifiri. A ɗauke yatsa 'yan daƙiƙoƙi, zai gyara kansa.

Na uku, a tabbata an sa direban da kamfanin ya yi wa wannan samfurin. A tsohon ma'aunin gudu na Windows mai daraja 11, ta 6 ce ke ba da ɗigo ɗaya a kan rahoto ɗaya. Abin da ya haura nan ninkawa ne. A Linux kuwa jin tsinken IBM yana tsakanin 0 da 255, kuma a kan 128 yake zuwa. Ƙa'idar dai ɗaya ce: a ɗaga jin tsinken daga tushe, a rage gudu a manhaja, domin rage abu mai yawa ya fi ninka kaɗan kyau. Sai duk waɗannan sun gaza ne ya kamata a yi zancen sauya madannai.

A watan Janairu na 2025 Lenovo ya nuna ThinkPad X9, wadda ba ta da jan tsinken sam, abin da ya sa masoyansa suka fara fargabar kwanansa ya kusa ƙarewa. Ko da hakan ta faru, kwamfutar da Turai ta ajiye bana ita ce za ta iso Wuse baɗi, ta kuma yi shekaru tana aiki. Saboda haka masu gyaran Abuja da abokan cinikinsu suna da sauran zama da wannan ɗan tsinke, kuma wanda ya san inda awo ke zubewa ba zai biya kuɗin abin da bai lalace ba.