Tsawo Sau Faɗi

Yawancin yaran firamare sun haddace "tsawo sau faɗi", amma in ka tambayi yaro abin da ya sa ake yin sau, ba a tarawa, sai ya yi zuru. Laifin ba nasa ba ne. An ba shi ƙa'ida tun bai ga abin da ake ƙirgawa ba.

To, malami, kada ka fara da allo. Fita da su tsakar makaranta, ka shata fili a ƙasa, tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 4. Ka yanyanka kwali murabba'i, kowane gefe ƙafa guda, su shimfiɗa a ciki, ba rata, ba wanda ya hau wani. Su ƙirga, su sami 24. Ba da jimawa ba wani mai wayo zai ce, "Malam, ai layi huɗu ne, shida shida." Shi ke nan, ya gano 6 sau 4 da kansa. Yaran Jalingo kuwa sun saba ganin kunyoyin doya jere a gonakin Mumuye, abin ba baƙo ba ne gare su.

Sa'an nan su sake jera kwalayen nan layi uku, takwas takwas. Girman fili bai sake ba, amma igiyar da za ta kewaye shi ta tashi daga ƙafa 20 zuwa 22. Nan ne yara suka fi ruɗewa, lalle a daɗe a kai.

In sun ƙware, a kawo musu fulotin gida a Turaki, a ce ƙafa 100 da 50. Kwali nawa zai rufe shi? Ba mai shimfiɗa 5,000, tilas su yi sau.